Hayaƙin Taba Da Haƙƙin Maƙwabci

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda ya halicci iska ya sanya ta abin tarayya tsakanin bayinsa, ba a saye ba a sayarwa, sarki da talaka duk a cikinta su ke numfashi. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, ya kai mai karatu, ka sani abin da ke tsakanin mai shan taba da ransa tsohon zance ne, malamai sun daɗe suna kai da kawowa a cikinsa. Abin da za a duba a nan shi ne halin wanda bai saya ba, bai kunna ba, bai kai baki ba, amma ga shi yana sha: jaririn da ke goye, da mace mai ciki, da almajirin da ke kwana a zaure, da tsohon da tari ya hana shi barci a ɗakin da ke jikin na mai sha. Waɗannan su ne masu haƙƙi, ko da ya ke ba su kai ƙara gaban kowa ba.

Yadda zaman gida ya sake

Ikara da Maƙarfi da Kudan ƙasa ce ta noma da ciniki a arewacin Zazzau, wajen iyakar Kano. An san Maƙarfi da Kudan da rake da mazarƙwaila, an san Ikara da tumatir da barkono. A zamanin da, in mutum ya shiga Paki ko Gubuchi ko Likoro, abin da zai tarar shi ne gida da katanga ko danga, ɗakuna a warwatse, kowane da jinkarsa, tsakar gida mai faɗi, iska tana shiga tana fita yadda ta ga dama. Mutanen gida kuwa jini ɗaya ne, ƙarƙashin mai gida ɗaya, wanda in ya hana abu ya hanu.

Yau jama'a ta ƙaru, fili ya yi tsada, sai gidajen haya suka yawaita a cikin garin Ikara da Maƙarfi da Hunkuyi, da bakin hanya irin su Tashar Yari. Ma'aikatan ƙaramar hukuma, da malaman makaranta, da ɗaliban makarantar koyon aikin lafiya ta Maƙarfi, da fataken da ke zuwa lokacin kakar tumatir ko ta rake, da 'yan ci-rani, duk wurin kwana su ke nema. Sai a jera ɗakuna takwas ko goma ƙarƙashin kwano ɗaya, soro ɗaya, baranda ɗaya, rijiya ɗaya, makewayi ɗaya. Sau da yawa ba silin, bangon da ya raba ɗaki da ɗaki bai kai ga kwano ba, akwai kafa a sama wadda magana ke bi ta ƙetare. To, inda magana ta bi, nan hayaƙi ke bi. In an kunna sigari a ɗakin farko, kafin a kai rabinsa mai jego da ke ɗaki na uku ta ji shi a maƙogwaronta.

Abin ya fi tsanani da hunturu. Sanyi ya sauka, an rufe ƙofa, an toshe taga da tsumma, masu hirar da suka saba zama a waje sun koma cikin soro. A yi shayi, a kunna ɗaya bayan ɗaya har dare ya raba, sa'an nan kowa ya tafi makwancinsa. Su wa za su kwana a soron? Almajirai ne da samarin gida, a kan tabarmar da aka tashi a kanta, ƙofa a rufe har asuba. Masu iya magana sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Farin kanwa dai wanka ke fid da shi, amma abin da ya sauka cikin huhu ba ruwan da ya ke kai gare shi.

Abin da likitoci suka gano

Hayaƙin sigari iri biyu ne. Akwai wanda mai sha ya zuƙa ya fesar, akwai kuma wanda ke tashi daga bakin karan yana ci shi kaɗai tsakanin zuƙa da zuƙa. Na biyun nan bai bi ta cikin audugar da ke gindin sigari ba, wutarsa kuma ba ta kai zafin ta lokacin zuƙa ba, saboda haka ƙunarsa ba ta cika, dafi iri-iri ya fi yawa a cikinsa. Shi ne kuma mafi yawan abin da ke cika ɗaki. Masana sun ƙidaya sinadarai fiye da 7,000 a cikin hayaƙin taba, kimanin 70 daga cikinsu an tabbatar suna jawo ciwon daji. A cikinsu akwai iskar nan mai guba irin wadda ke fita daga gawayi da salansar mota, wadda ke shiga jini ta tare wurin iskar kirki.

Tun 1950 masana biyu a Ingila, Doll da Hill, suka nuna dangantakar shan sigari da ciwon dajin huhu, amma a lokacin an ɗauka cutar ta tsaya ga mai sha. Sai cikin 1981 wani likita a ƙasar Japan, Hirayama, ya fid da sakamakon wani dogon bincike. Ya bi halin matan aure 91,540 waɗanda ba su shan taba, har shekara 14, ya tarar matan da mazansu ke sha da yawa sun fi mutuwa da ciwon dajin huhu, kusan ninki biyu bisa waɗanda mazansu ba su sha. Ga mace ba ta taɓa riƙe kara ba, laifinta kurum zaman aure.

Daga nan bincike ya yi ta biyo bincike. Cikin 2006 babban likitan gwamnatin Amurka ya tara abin da aka samu ya bayyana shi: baligin da ba ya sha, amma yana zaune cikin hayaƙin wani a gida ko wurin aiki, hatsarin ciwon zuciya gare shi ya ƙaru da kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari, na dajin huhu kuwa da kashi 20 zuwa 30. Ya ce kuma babu wani gwargwado na wannan hayaƙi da za a ce ba ya cutarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kowace shekara mutum fiye da miliyan ɗaya ke mutuwa a duniya ta dalilin hayaƙin da wasu suka kunna.

Yara su suka fi jin jiki. Babban mutum yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti guda, jariri kuwa sau 30 zuwa 60, ga huhunsa bai gama ƙwari ba, ga shi ba ya iya tashi ya bar wurin. Yaron da ya tashi cikin hayaƙi ya fi kamuwa da ciwon haƙarƙari da tari mai tsanani, da ciwon kunne mai zub da ruwa, in kuma mai asma ne ta riƙa tayar masa a kai a kai. Mace mai ciki in ta zauna a cikinsa ta kan haifi ɗa maras nauyi. Mutuwar nan ta fuju'a da a ke wayi gari a tarar da jariri ya cika cikin barci, ita ma an ga ta fi yawa a gidajen da a ke shan taba. Har wa yau, in hayaƙi ya wuce ba duka ya ke wucewa ba, saura ya kan kama bango da tabarma da buzu da tufafi, ya daɗe a nan, yaro mai rarrafe ya shafa ya kai hannu baki.

A Nijeriya an yi ƙidaya cikin 2012, aka tarar masu amfani da taba ba su kai mutum 6 cikin ɗari na manya ba, galibinsu maza. Amma wannan ƙidaya ta nuna manya kimanin miliyan 5 ne ke shaƙar hayaƙin a cikin gidajensu, ba a ko sa yara 'yan ƙasa da shekara 15 cikin lissafi ba. Watau masu sha kaɗan ne, masu shaƙa ne ke da yawa.

Taba a ƙasar Hausa da saɓanin malamai

Taba ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Asalinta daga Amurka ne, ta iso Maroko da ƙasashen Sudan wajen ƙarshen ƙarni na 16, fatake suka yaɗa ta. Baturen nan matafiyi, Barth, wanda ya ratsa ƙasar Hausa daga 1851, ya ba da labarin yadda tabar Katsina ke da daraja har a Tambutu. Amma yawancin tabar mutanen da ta gari ce, a daka da kanwa a sa a baki, ko a shaƙa a hanci, mata kuma su goga fure a haƙora, sai 'yan tsiraru masu lofe. Wannan duk tana cutar mai ita, sai dai ba ta cika ƙetarewa zuwa ga na kusa da shi ba. Sigari ne ya sake al'amarin, domin ga shi da arha, ga shi a aljihu, ko'ina aka ga dama a ƙyasta ashana. Kamfanin taba na Nijeriya, wanda aka sani da NTC, ya kafa ma'aikatar naɗe sigari a Zariya cikin 1959, bayan ta Ibadan da ta Fatakwal, manoman ƙasar Zazzau da yawa suka riƙa noma masa ganye. Cikin shekarar 2000 kamfanin ya shige cikin British American Tobacco.

Tun farkon bayyanarta malamai suka rabu a kanta. Shehu Ahmadu Baba na Tambutu ya yi rubutu cikin 1607, sa'ad da ya ke Maroko, ya tafi a kan halaccinta muddin ba ta gusar da hankali ba. Shehu Ibrahimu Laƙani na Masar ya hana, Shehu Aliyu Ajhuri kuma, shi ma Bamalike ne na Masar, ya halatta ga wanda ba ta cuta ba. Shehu Muhammadu Wali na ƙasar Bagarmi ya wallafa littafi musamman a kan haramcinta. Mutanen ɗariƙar Tijjaniyya, waɗanda ke da yawa a ƙasar Zazzau, sun san an hana su ita. Da hujjar likitoci ta bayyana, da yawa daga malaman wannan zamani suka koma ga haramci, har Muftin Masar ya ba da fatawa a kan haka cikin shekarar 2000.

To, a lura da abu guda. Duk wannan saɓani a kan mai sha ne da kansa. Waɗanda suka halatta ma sun gindaya sharaɗin rashin cuta. Ba a taɓa jin malami ɗaya, na da ko na yanzu, da ya ce ya halatta mutum ya shayar da wani abin da ba ya so, balle abin da zai cuce shi ba. Saboda haka ko mutum ya riƙi fatawar Ahmadu Baba da hannu biyu, ba ta kai shi soron jama'a da ita ba.

Hukuncin hayaƙi a littattafan Malikiyya

Wanda ya yi karatun zaure ya san hadisin da Imamu Malik ya kawo cikin Muwaɗɗa, wanda ya hana cuta da ramuwar cuta, ya kuma san malamai sun mai da shi ginshiƙin da aka gina babi-babi a kansa. Abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne, fiƙihu ya ambaci hayaƙi da sunansa. Sidi Halilu, cikin Muhtasar, a babin tarayya, inda ya jera abubuwan da alƙali ke hukunta wa maƙwabta, ya sa hana hayaƙi irin na gidan wankan haya na biranen Larabawa, wanda a ke hura wa wuta kullum, da hana wari irin na majema. Ibnu Asim mai Tuhfa, wadda alƙalan ƙasar nan suka daɗe suna hukunci da ita, shi ma ya tabbatar duk wanda ya fari abin da ke cutar maƙwabci cuta tabbatacciya a hana shi, ya ba da misali da gidan gashin gurasa da masussuka.

Sidi Halilu ya yi zamani cikin ƙarni na 14, taba ba ta ko iso ƙasashen Musulmi ba, amma illar da ya rataya hukunci a kanta tana nan. Malaman da suka yi sharhi sun ce an hana wancan hayaƙi ne don yana shiga gidajen mutane, ya baƙanta bango da tufafi, ya takura masu gida. In an hana abin da ke baƙanta bango, ina ga abin da ke baƙanta huhu? Mutanen ƙasar nan ma sun san wannan a aikace tun ba a karanta musu ba. Ba a kafa majema a tsakar gida, masu dafa mazarƙwaila kuma can wajen gonar rake su ke kafa tukwanensu.

Akwai kuma hadisin da Buhari da Muslimu suka ruwaito, wanda ya umurci wanda ya ci ɗanyar tafarnuwa ko albasa ya nisanci masallaci. Albasa halal ce ba mai musu, warinta kuma ba ya kwantar da kowa asibiti, duk da haka aka hana mai ita sahu don kada ya takura jama'a. Ga kuma wasiyyar da Mala'ika Jibrilu ya yi ta nanatawa game da maƙwabci, har Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zaci za a sa shi cikin magada. Wane maƙwabci ne ya kai kusancin wanda rabin bango ya raba ku, kuna jin tarin juna?

Hanzarin masu sha da amsarsa

In mai sha ya ce, ai ɗakina ne, da kuɗina na kama, sai a ce masa, mai gidan wankan nan ma a cikin mulkinsa ya yi gini, duk da haka aka hana shi, domin hayaƙin bai tsaya a mulkinsa ba. Ɗaki ka kama haya, ba ƙirjin maƙwabcinka ba. Soro da baranda da bakin rijiya da makewayi kuwa na kowa da kowa ne, abokin tarayya ba shi da ikon yin abin da zai ɓata wa sauran rabonsu.

In ya ce, ga hayaƙin murhu nan ya cika gida kullum ba a yi magana ba, sai a ce masa, malamai sun riga sun rarrabe. Cikin Mudawwana, da aka tambayi Ibnul Ƙasim game da tanderun gida, ya ɗauke shi abu mai sauƙi, ba kamar gidan wanka ba. Dalili kuwa a fili ya ke: girki larura ce, ba gidan da zai rayu ba tuwo, kowa yana yi kowa yana haƙuri da na wani. Sigari ba abincin kowa ba ne. Hayaƙin itace ma likitoci sun tabbatar yana cutar mata da yara ƙwarai, ya kamata a fid da murhu fili a kuma nemi mai cin itace kaɗan. Wanda nauyi ɗaya ya riga ya danne shi ba a ƙara masa na biyu.

In ya ce, ai na kan buɗe taga, ko in kunna fanka, ko in sa turaren wuta, sai a ce masa, bayanin nan na 2006 ya tabbatar buɗe taga da fanka da ware wa masu sha gefe guda a cikin gini ɗaya ba su kawar da cutar. Fanka tura hayaƙin ta ke yi zuwa ga wani. Turare kuwa wari ya ke rufewa, dafin yana nan, an ma ƙara hayaƙi kan hayaƙi.

In ya ce, ba wanda ya taɓa yi mini magana, sai a ce masa, shiru-shiru ba tsoro ba ne, gudun magana ne. Matar aure ba za ta fito ta yi wa namijin da ba muharraminta ba magana a kan wannan. Almajiri baƙo ne, a soron wani ya ke kwana, yana tsoron a kore shi. Ƙarami yana jin nauyin babba, mai haya yana jin nauyin mai gida. Abin da aka samu daga mutum ta hanyar kunya ba da yardarsa aka same shi ba. Jariri kuwa ba shi da bakin yarda balle na ƙi.

In ya ce, cuta da mutuwa na Allah ne, wane ya sha taba har ya shekara casa'in, sai a ce masa, gaskiya ne ajali na hannun Allah, amma wannan bai ɗauke wa bawa alhakin sababi ba. Fiƙihu ya ɗora lamuni a kan wanda ya haƙa rami a hanyar jama'a inda ba a ba shi izini ba, in wani ya faɗa. Ba a karɓar masa cewa mutum ɗari sun wuce lafiya.

In kuma ya ce, ba na iya daurewa in ta motsa mini, to, nan akwai abin tausayi, domin sinadarin nikotin da ke cikin taba yana kama jiki kamu mai tsanani, barinta ba wasa ba ne. Amma a tambaye shi: wa ya taɓa ganin ya kunna a gaban mahaifinsa, ko surukinsa, ko malaminsa, ko a fadar hakimi? Da azumi fa, ba ya kan wuni tun daga alfijir har faɗuwar rana ba ko zuƙa ɗaya? Ashe yana iyawa. Wanda ya daure wuni guda don Allah, ya daure awa biyu don kunyar suruki, ba zai kasa daure taku talatin zuwa bayan gida ba don jaririn maƙwabcinsa. Suruki ma in ya gani ransa kurum zai ɓaci, jaririn kuwa lafiyarsa ce za ta tafi.

Abin da doka ta ce

Hukuma ita ma ba ta yi shiru ba. Tun 1990, zamanin mulkin soja, aka kafa doka ta 20 mai hana shan taba a wuraren jama'a irin su asibiti da makaranta da ofis da motar haya. Cikin 2005 Nijeriya ta tabbatar da shigarta yarjejeniyar duniya ta taƙaita taba. Cikin watan Mayu na 2015 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a kan sabuwar doka wadda ta fi ta farko faɗi, aka fid da ƙa'idodin aiki da ita cikin 2019. Wannan doka ta shiga har cikin gida: ta hana shan taba a gidan da ɗan ƙasa da shekara 18 ke zaune, sai fa a ɗakin da mai sha ya keɓanta da shi shi kaɗai. Ta hana a motar haya da a-daidaita-sahu. Ta hana sayar wa yaro, ta hana sayar da sigari kara-kara. Wanda ya sha inda aka hana, tararsa ba ta kasa Naira 50,000 ba, ko ɗaurin wata shida, ko duka biyu.

Waɗansu ƙasashe sun wuce nan. A Amurka, daga ƙarshen watan Yuli na 2018, an hana shan taba a dukan gidajen hayar gwamnati, cikin ɗaki da baranda da matakala, har ƙafa 25 daga jikin gini, domin sun auna sun ga hayaƙi yana bin kafofin gini daga ɗaki zuwa ɗaki. In haka ta faru a benayen da ke da silin da ƙofofi masu kamawa gam, yaya ɗakunan da bangonsu bai kai kwano ba?

Sai dai kowa ya sani ɗan sanda ba zai kwana a soron kowa a Saulawa ko Gimi ko Doka yana sansanar iska ba. Doka tana takarda, sigari kuwa yana kan tebur ana sayar da shi ɗai-ɗai a ƙofar gida. Saboda haka gyaran yana hannun masu gida da malamai da 'yan kasuwa.

Abin da ya hau kan kowa

Mai sha, in bai sami ikon bari ba tukuna, ya fita fili, nesa da ƙofa da taga, inda iska za ta ɗauke. Kada ya sha a soro, ko baranda, ko makewayin tarayya, ko ɗakin da iyalinsa ke kwana. In ya dawo ya wanke hannu da baki kafin ya ɗauki yaro. Kada kuma ya aiki yaro sayen sigari, balle ya ce ya kunno masa a murhu, domin yaron sai ya zuƙa kafin wutar ta kama, da yawa kuwa daga nan suka fara.

Mai gidan haya ya sa wannan cikin sharaɗi tun ranar da za a ba da mabuɗi, a gaban shaidu, kamar yadda a ke sharaɗin kuɗin wuta da sharar tsakar gida. Sharaɗin da bai saɓa wa shari'a ba wajibi ne a cika shi, in kuma an faɗa tun farko ba wanda zai ce da shi a ke. In Allah ya hore masa, ya ɗaga bangon ya kai kwano, ko ya sa silin, ya sami ladan sutura da na lafiya gaba ɗaya, ko da ya ke wannan ragi ne kurum, ba ya maye gurbin fita waje.

Malamin allo ya san yaran nan amana ce iyayensu suka danƙa masa. Ya bincika inda kowane ke kwana. In zauren da aka ba su aro wurin hirar masu sha ne, ya je ya gana da mai gidan cikin mutunci. Mai zaure kuma da ya ba almajirai makwanci don neman lada, kada ya bari ladan ya zube ta wannan kafa.

'Yan kasuwa su duba rumfuna da shagunan da ke jere ƙarƙashin rufi ɗaya. Mai yadi da mai goro da mai garin masara sun san yadda kaya ke ɗaukar wari, yaran shago kuma nan su ke wuni. Sarkin kasuwa da shugabannin 'yan tasha suna da ikon su ce ba a sha cikin rumfa, ba a sha cikin mota. Mai tebur da ya kafa a ƙofar gidan mutane, yana ba da kara yana ba da ashana, ya sani yana da kaso cikin abin da ke shiga soron nan.

Wanda aka cuta kuwa, an ce zo mu zauna zo mu saɓa, amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ya sami maƙwabcinsa a keɓe, ba a gaban jama'a ba, ya fara da sallama da gaisuwa, ya ambaci tarin yaro, kada ya ambaci wuta da azaba. Mace ta gaya wa mijinta, miji ya yi magana. In abin ya faskara a kai ga mai gida, sa'an nan liman ko mai unguwa. Galibin masu sha ba mugunta ce ta sa su ba, rashin sani ne da sabo, in an ba su girmansu su kan ba da fiye da abin da aka roƙa.

Limaman Ikara da Maƙarfi da Kudan kuma, in hunturu ya kawo jiki, ya kyautu su ware huɗuba guda a kan wannan, su bar saɓanin halal da haram a gefe, su tsaya a kan abin da ba saɓani a cikinsa. Haƙƙin Allah, in bawa ya tuba, Allah Mai gafara ne. Haƙƙin bawa kuwa sai mai shi ya yafe, ga shi mai shi a nan sau da yawa yaro ne wanda bai ko san an cuce shi ba.

Allah ya ba masu sha ikon bari, ya ba marasa lafiya sauƙi, ya raya zuriya bisa lafiya da imani, ya sa a gama da maƙwabta lafiya. Amin. Wassalamu.